Kaset na Bakwai

Teburin cin abinci shi ne makarantarmu.
Da safe in ture kwanuka gefe,
in shimfiɗa taswira a kan ɗigon zuma,
Saskatchewan ta manne a gwiwar hannun Anneke.
Maƙwabcinmu na kusa, sai an ci mil tara
kafin a hango hayaƙin gidansa.

Jethro ya cika tara, haruffa sun ƙi shi.
Da na ɗora yatsa a kan layi
sai su watse masa kamar tsaki sun ga shirwa.
Na yi lallashi. Na yi faɗa.
Na shiga ɗakin ajiya na yi kukana
tsakanin buhunan dankali, na fito da murmushi.

A gwanjon coci, bayan an yanke alkama,
na sayi kwalin takalmi dala biyu.
Kaset bakwai a ciki,
kowanne da suna ɗaya da fensir: Kornelius.
Ba hoto, ba shekara.

A Janairu tun kafin biyar duhu yake rufe mu,
ƙanƙara ta kai rabin taga.
Sai mu ja kujeru kusa da murhu,
Marit ta danna maɓalli da yatsu biyu,
injin ya yi shuuu, kamar ruwa na shirin tafasa,
sannan tsohon ya gyara murya.

Ba gwani ba ne.
Yana tari. Yana manta sunan doki, ya koma ya ɗauko.
Can bayansa agogo na bugawa,
wata mace ta taɓa cewa shayinka zai huce,
ya ce bari, yarinyar na tsakiyar tafki.
Mu ma muka bar namu ya huce.

Yarinyar da fitila, tana bin sawun dokin ubanta
a kan ruwan da sanyi ya daskarar.
Dare shida muna biye da ita.
Wendel kan dawo daga garke ya tsaya bakin ƙofa
da takalmansa, ƙanƙara na narkewa a dandamali,
wai shi ba saurare yake ba.

A na bakwai ƙanƙarar ta tsage ƙarƙashin ƙafarta,
tsohon ya ja numfashi, ya ce: sai ga,
injin ya shaƙe.
Zaren ya fito a cukurkuɗe kamar hanjin kaza.
Anneke ta sa fensir ta naɗe, ta liƙa, ta sake,
abin da ya rage shuuu ne kawai.

Marit ta leƙa cikin ramin kaset, ta ce, ina ya tafi?
Ban san ko yana raye ba.
Ban san wa ya yi wa labarin ba,
wane jika ne ya girma ya zuba shi a kwali.
Na ce ya je shan shayinsa.

Kwana uku ba mai maganar tafki.
Ran na huɗu, muna tsakiyar lissafin kashi,
Jethro ya ce wa tebur, ba ni ba:
ni na san abin da ta gani.

Ya gyara murya. Har tarin ya yi.
Ya manta sunan dokin da gangan, ya koma ya ɗauko.
Ya fito da yarinyar, amma ya bar fitilar ta nitse,
ya ce har yanzu tana ci a ƙarƙashin ruwa,
kifaye na zagaya ta.
Anneke ta ce ƙarya ne, wuta ba ta ci a ruwa.
Ya ce ke kika je?

Da dare ya kawo mini takarda: rubuta, kar ya ɓace.
Na rubuta, shafi biyu da rabi.
Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, leɓɓansa a rufe,
sannan ya dasa yatsa a wuri ɗaya.
Wannan, ya ce. Wannan ne doki?

Ba shi ba ne. Na kusa da shi ne.
Na ce matsa kaɗan.