Kwana Biyu

Da ka sauka daga jirgi a Manchester,
da rigar sanyi ta aro da ƙullin daddawa,
abin da ka fara ce mini shi ne,
"Dinatu, kwana biyu."
Shekara bakwai, Baba. Na ƙirga.

Ran Asabar na kai ka Whitby, bakin teku, wurin aikina.
Ruwa ya janye, ya bar mana baƙin dutse
mai santsi kamar bayan tarwaɗa.
Na sa guduma sau uku,
dutsen ya rabe kamar goro,
ga katantanwa a nannaɗe,
ta manta ta taɓa zama nama.

Ka ce, "Wa ya sa ta a ciki?"
Na ce, "Laka ce ta binne ta,
shekara miliyan ɗari da tamanin."
Ka yi dariyar nan da kake yi wa mai tallan magani
a kasuwar Kafur.
"Wa ya riƙe musu kalanda?
Kwana shida aka rubuta, 'yata.
Shekara talatin da huɗu ina taka keke
ƙauye zuwa ƙauye da shafin nan a jaka.
Ki ja zare ɗaya a bakin zane
ki gani ko ke za ki faɗa wa warwara inda za ta tsaya.
Yau kwana ba kwana ba ne,
gobe kabari ba kabari ba,
jibi ki ce mini uwarki ba za ta tashi ba."

Na yi shiru.
Ashe ba a kan dutse muke gardama ba.

Muka sayi soyayyen kifi, muka zauna a benci,
tsuntsayen teku suna fakon hannunka.
Ƙarfe tara na dare rana ta ƙi faɗuwa.
Ka duba agogo, ka girgiza, ka kara a kunne.
"Ƙasar nan ba ta san almuru ba ne?"
Na ce, "Baba, a shafin naka
sai a kwana na huɗu aka rataye rana.
Da me aka auna ukun farko?
Wane zakara ya yi cara?"
Ka ce, "Wanda ya yi zakara ba ya jiran cara."
Na ce, "Abin da nake faɗi ke nan."
Ka ce, "A'a. Abin da ni nake faɗi ke nan."

Na ce, "A filin jirgi ka ce kwana biyu.
Ƙarya ka yi?"
"Allah ya kiyaye."
"Jiya da shekaranjiya kake nufi?"
"Ke ma kin san abin da nake nufi."
"Na sani don ubana ne ya faɗa,
kuma da harshen gidanmu."
Ka daɗe kana tauna.
"Ni mutum ne, bakina gajere, dole in dunƙule.
Shi fa?"
"Shi kuma kunnenmu ne gajere."
Kafin ka amsa tsuntsu ya sure kifin,
ka bi shi da tsaki.

Ba ka sauya ba. Shida ne, har gobe.
Ka faɗa wa maƙwabcina, ka faɗa wa mai tasi.
Amma Lahadi da asuba na leƙa ɗakinka,
taga a buɗe, iska tana neman juya maka shafi,
ka danne shi da katantanwar,
yatsanka yana bin layi, leɓenka yana motsi.
Ban san yaushe ka sa ta a aljihu ba.

Ranar komawa, gwiwarka ta ƙi matakala,
na ga furfurar da ban kula da ita ba.
Ka dafa kaina a bakin ƙofar shiga,
ka ce, "To, sai an kwana biyu."

Wannan karon ban tambayi ko nawa ba.