Awon Jinga a Isleton

A Isleton jirgin ruwa ta saman kanka yake wucewa.
Ka tsaya a gonar masara ka ɗaga ido,
ga shi can yana tafe a hankali
kamar raƙumi a bayan katanga.
Kogi ya fi rufin gidaje bisa.
Abin da ya raba su tudun ƙasa ne kawai,
jingar da wasu suka tara da shebur da baro,
suka mutu, ba a rubuta sunayensu ba.

Ita aka turo ni in auna.

Da sassafe muka kafa mota a doronta,
ni da Ignacio mai kula da inji.
Muka cusa ƙarfe mai tsini cikin ƙasa,
ƙafa biyar, ƙafa ashirin, arba'in,
shi yana nitsewa, ni ina kallon allo.
Yumɓu ya yi gardama, na ji daɗi.
Sai ruɓaɓɓiyar ciyawa, baƙa ƙirin,
da laushi irin na tsohuwar katifa.
Daga nan layin ya sulale.
Yashi.
Sako-sako, ya sha ruwa ya ƙoshi.

Ignacio ya dube ni. Ban tanka ba,
na zana da'ira da jan biro.

Yashi mai ladabi ne in ba a taɓa shi ba,
shekara ɗari da kaya a ka, bai ce uffan ba.
Amma ranar da ƙasa ta girgiza
daƙiƙa ashirin ta wadatar:
ƙwaya ta saki ƙwaya,
abin da yake tuwo ya koma kunu,
jinga ta durƙusa kamar jakin da lodi ya yi wa yawa,
ruwan gishiri ya shigo babu sallama.

Wajen azahar Marlene Silveira ta hauro gangare,
sanda a hannu, kofi a ɗaya hannun.
Shekararta saba'in da takwas, duk a nan ta yi su.
Ita ta san inda gafiya ke haƙa,
ta san inda ƙasa ke gumi in kogi ya cika.
Ta ce, "Me ta gaya muku?"
Na jero mata lissafi:
kashi kaza cikin ɗari, a cikin shekara hamsin,
in motsin ya kai kaza, in ya zo da damina.
Ta bari na gama tsaf.
Ta ce, "Itatuwan fiyata sun tsufa.
In dasa sababbi ko in bari?"

Injina bai san wannan ba.

Na tuna Hadeja, inda ruwa ke aiko ɗan aike:
hadari ya haɗo, kwaɗi su yi shela,
tururuwa ta kwashe ƙwanta ta hau tudu,
Inna ta ɗaure gero a rataya.
Nan kuwa sama garau take, shuɗiya,
abin da muke jira daga ƙasa zai ɓullo,
kuma ba ya tari kafin ya shigo ɗaki.

Na ce, "Ki dasa.
Amma takalmi kusa da gado,
makullin mota a bakin ƙofa,
hanyar gada kuma ki san ta ko a duhu."
Ta yi dariya. "Wannan tun ina amarya."

Da dare a masauki na rubuta rahoto:
a faɗaɗa gindi, a daddaɓe yashi, a ƙara dutse.
Na sa kuɗin a shafi na ƙarshe,
inda ido kan gaji kafin ya kai.
Na zuba ruwa a kofin gilashi na ajiye kan tebur.
Bai motsa ba.
Na daɗe ina kallonsa
kafin na kashe fitila.