Dala Ɗari Uku da Sha Biyu

Dala ɗari uku da sha biyu na ƙirga a kan teburin kicin,
kuɗin haƙorin da ke min zogi tun kaka.
Haƙori ya jira.
Ni ce mai rufe gidan wanki na titin Lagrange a Toledo
ƙarfe sha biyun dare,
daga ni sai injuna ashirin
da fitilar waje da ta mutu tun Nuwamba.

Daren da yaron nan ya tare ni a bakin ƙofa
jakar sulalla kawai ya fizge,
amma da zai juya sai ya ce, "Yi haƙuri, Mis Odessa."
Ya san sunana.
Abin da ya kai ni kantin Merle ke nan.

Ga su kwance a ƙarƙashin gilashi
kamar kifi a kan ƙanƙara,
kowace da 'yar takardar farashi ɗaure da zare.
Ta farko baƙa ce, sumul,
ta zauna a tafina kamar don ni aka ƙera ta.
Na juya takardar. Ɗari shida.
Na miƙa masa ita a hankali, kamar jaririn wata.

Ta biyu da sauƙin kuɗi, sai dai sai an ja bayanta da ƙarfi,
ni kuwa shekara talatin na ruwan zafi da sabulu
sun kumbura min yatsu, sun karkatar da su.
Na ja, na sake ja, ta ƙi.
Wani saurayi a bayana ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Ƙarama ta fi ɓoyuwa," in ji Merle,
"amma in ta tashi, hannunki zai gaya miki.
Babba ta fi daɗin riƙo, riga ce za ta tona ki.
Ba a cin biyu, uwata."

Ta uku tsohuwa ce mai ɗaki biyar,
ta wani da ya mutu, ko talauci ya kama.
Fenti ya goge a inda babban yatsansa ke zama.
Na ɗora nawa a wurin. Ya yi daidai.
Ɗari biyu da talatin.

Har na buɗe jaka, sai na taɓa ledar alewa,
na tuna Tavion, jikana, ɗan shekara biyar,
da ke zura hannu a jakar nan kowace Lahadi
ba sallama, ba tambaya.
Na ce, "Akwatin nan mai makulli nawa ne?"
Arba'in. Kube, ashirin.
Haraji ya lashe sauran.
Harsashi sai Juma'a, in an biya mu.

Fom ya tambaye ni ko ina gudun hukuma,
ko na taɓa zaman kurkuku, ko ina shan ƙwaya.
A'a, a'a, a'a.
Na duba gaba da baya,
babu layin da ya tambaya ko zan iya.

Yanzu ga ni a bas, dusar ƙanƙara na dukan taga,
wani sanyin ƙarfe ya jingina da ƙuguna,
fanko, ba komai a cikinsa,
amma ya fi kwandon zannuwa jiƙaƙƙu nauyi.
Ba wanda ya sani.
Sai na tsinci kaina ina kallon rigunan sanyin mutane,
ina auna inda suka kumbura.

Ban gaya wa Merle ba, ban gaya wa ɗan sandan ba:
ni ma na san sunansa.
Dontrell.
Yana ɗan ƙarami uwarsa kan ɗora shi kan injin busarwa
don ya ji ɗumi,
ni ce nake ba shi sulai ya jefa da kansa.

Saura kwana huɗu Juma'a.
Haƙorin yana nan yana zogi,
ina ta kai harshe wurin.