Allura Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina zaune a zauren nan na Alfadarai,
aska takwas na zuba daga yatsuna kamar ruwa daga tulu.
Sai bana, da damina ta raba,
allura ta suɓuce a tabarma, ban san ta faɗi ba.
Na laluba, ta soke ni, jini ya tsattsafo,
ban ji ba.

Tafin ƙafa kamar an zazzage tururuwa.
Harshe ya yi ja wur, yaji ya zama abokin gaba.
Na je sayen zare, na tsaya a bakin rumfa
ina tambayar kaina abin da ya kawo ni.
Lantana ta ce sammu ne.
Na ce, wa zai ɓata kuɗinsa a kaina?

A Shika suka ɗebi jini, suka ce bitamin ne ya yi ƙaranci,
wani mai suna B, da lamba goma sha biyu a bayansa
kamar motar haya.
Daga ranar kowa ya zama likita.

Barau mahauci ya ce, hanta!
Kwana arba'in ina karɓar hanta bashi a Ƙofar Doka.
Bashin ya yi ƙiba, ni ina nan yadda nake.

Tanimu mai kemis a Tudun Wada ya ƙirgo mini ƙwayoyi
masu warin dusa, ɗaya bayan koko.
Ga arha, ba zafi, ba bin layi.
Fitsari ya koma ruwan ɗorawa,
na ce da Lantana, ga kuɗinmu can na bin rariya.
Amma kada in ci haƙƙin ƙwaya:
ita ta tayar da maƙwabcina Dikko,
shi cikinsa na karɓar baƙo.

'Yata ta aiko da wata daga Samaru,
ta ƙarƙashin harshe.
A ajiye, kada a tauna,
kada a yi magana sai ta narke.
Duk gidan nan Lantana ta fi kowa son wannan magani.

Na koma Shika da yatsuna a mace.
Likita ya juya katina, ya zana ciki a bayansa.
Ya ce, kowa na da ɗan dako a nan,
mai ɗaukar bitamin ya miƙa wa jini.
Naka ya ajiye aiki.
Kaya na isowa tasha, ba mai saukewa.
Ƙwaya mai ƙarfi takan saci hanya kaɗan kaɗan,
amma yatsunka ba su da lokacin jira.

Allura ke nan.
Ni da na soki yadi sau dubu dubu
ban taɓa neman gafararsa ba,
na ga jan ruwa a 'yar kwalba, gwiwa ta yi sanyi.
Sista Rifkatu ta ce, haba Malam, kai fa ɗan gida ne.
Juya.

Ita ma da kuɗinta:
na mota, na layi tun asuba,
da zaman karkace a tabarma har azahar.
Da fari kusa da kusa, yanzu sai wata ya zagayo.

Mako na shida, da hantsi,
ina kan wuyan rigar wani alhaji da ya gaji da aike,
tawa allurar ta shige babban yatsa.
Na kurma ihu.
Lantana ta fito da muciya a hannu, lafiya?
Na ce, lafiya lau. Na ji ne.

Ƙaramin yatsan hagu har yau barci yake,
likita bai yi mini alkawarinsa ba.
Da yamma Dikko kan zo zaure da ƙwayarsa a aljihu,
ya yabi tasa, in yabi tawa,
Barau ya leƙo ya tuna mini bashin hanta.