Agogon da Ke Cikin Tsoka

Shekara talatin da ɗaya
Baba Ilu bai taɓa ganin asuba daga kan shimfiɗa ba.
In Damagaram ta kwanta, shi yake tashi,
ya hura tanda a bayan Zango,
ya kwaɓa, ya murza, ya jera,
hayaƙi na shiga inda ya ga dama.
Kafin ladan ya gyara murya
burodi ya hau kan kekuna.
Rana ta fito, shi kuma ya ja mayafi.

Tari ya zo kamar baƙo mai kunya,
ya tsaya a zaure wata huɗu.
Ranar da muka ga ja a hankici
ya riga ya shige ƙuryar ɗaki.

A babban asibiti, likita Zuwaira
ta ɗaga hoton ƙirji saitin taga.
Ga shi nan a huhun dama, kamar ɗan goruba.
Suka ɗebi tsoka, ba ta fi ƙwayar dawa ba,
aka sa a kwalba, aka ba motar Yamai,
ta yi tafiyar da mai ita bai taɓa yi ba.

Na ce, likita, kwana nawa?
Ta rufe alƙalami, ta daɗe tana duban sa.

Ta ce, kowace ƙwaya a jikin mutum da ladaninta.
Shi ke ce mata yanzu gyara, yanzu hutu,
yanzu ki rabu biyu, yanzu ki dakata.
Gado ne, a rubuce tun daga ciki.
Sankara kuwa, wata tana jin kiran har yanzu,
wata ta toshe kunne,
dare da rana duk ɗaya, ci kawai take.
Masu bincike sun ƙirga masu ji da masu ƙi,
suka ja layi biyu a takarda,
ɗaya na gangara a hankali,
ɗaya kamar jaki ya zame a kan dutsen Birni.

Na ce, Baba a wane layi yake?
Ta ce, in sakamako ya zo zan iya kirdado.
Amma kirdadon mutum ɗari ne.
Wanda ke zaune gabana ɗaya ne.

Na ce, aikin dare ne ya ɓata masa agogo?
Mu da muka ci, muka yi makaranta da kuɗin tanda,
mu ne?
Ta ce, ban sani ba.
Ban taɓa jin likita ta faɗi haka ba,
kuma shi ne abin da na fi riƙewa.

Baba, da muka ɗauka barci yake,
ya ce, yarinya, ni ma maduba ne.
In na danna kwaɓi da yatsa
na san sa'ar da zai tashi.
Amma akwai daren da ya ƙaryata ni,
gari ɗaya, yis ɗaya, hannu ɗaya,
wani kwano ya cika har ya zuba,
na kusa da shi ya kwanta kamar fushi yake.

Ambulan ta iso ranar Laraba.
Ya karɓa, ya juya ta, ya shinshina,
ya sa a gwangwanin da yake ajiye canji.
Ya ce likita ta karanta nata, ta zaɓi magani.
Nawa a bar shi ya kumbura tukuna.

Yanzu ni ke hura tanda.
Ƙarfe biyun dare in na leƙa ɗakinsa
in ɗauki makulli a ƙusa,
idonsa biyu, ba wanda ya tashe shi,
hannayensa na murza bakin mayafi,
yana ninkewa, yana dannawa.

Ya ce, ruwan ya yi sanyi yau, ka ɗan ɗumama.
Na ce to.
Ya ce, kar ka yi ta buɗe kwano kana dubawa.