Sikelin Albasa

Shekara talatin da ɗaya ina awon albasa a Aliero.
Buhu ya hau sikeli, allura ta yi rawa ta tsaya,
abin da ta faɗa shi nake rubutawa.
Har fataken kudu masu zuwa da tirela sun shaida:
Modi ba ya tauye awo.

Sai ga ni rannan a asibitin Jega.
Ige, 'yata ta uku, cikin farar riga,
ta ɗaura min abin awon jini a dantse,
ta matsa, ta matsa, ta yi shiru.
Ta ce, Baba, hau nan.
Kilo ɗari da goma sha ɗaya.
Na ce ai nauyin babbar riga ne da hula.
Ta ce to cire hular.
Ɗari da goma sha ɗaya.

Ta ba ni littafi mai shuɗin bango, irin na 'yan firamare,
ta ja layi uku da biro:
abin da ya shiga ciki, tafiyar da ƙafa ta yi, abin da sikeli ya ce.
Kowace loma da farashinta, in ji ta, kalori ake kiransa.
Malmala kaza, ludayin fura kaza,
mai kuwa, cokali guda ya fi kwanon rama tsada.

Na jingine babur a zaure na kama hanya a ƙasa.
'Yan dako na yi min tsiya: Alhaji, fetur ne ya gagara?
Waya a aljihu tana ƙirga min taku,
dubu biyu da ɗari huɗu daga ƙofar gida zuwa rumfa.
Da dare na rubuta da kyakkyawan hannu:
koko kofi ɗaya, ƙosai uku.

Ƙosai biyar ne.
Biyun a tsaye na ci su,
kuma na ɗauka abin da aka ci a tsaye ba ya zama.
Soyayyen kifin Yawuri da Chindo ya kawo tsaraba,
ai kyauta ce, kyauta ba ta shiga littafin ciniki.
Shayi mai rabin gwangwanin madara na sa masa suna ruwan zafi.
Ranar sunan jikan liman na rubuta shinkafa kaɗan,
alhali sai da na sassauta tazuge.

Juma'a da asuba, kafin kowa ya iso,
na tuɓe takalmi na hau sikelin albasa,
wanda ban taɓa yi wa gardama ba.
Ɗari da goma sha biyu.
Na sauka, na leƙa ƙarƙashinsa ko tsakuwa ta maƙale,
na hure shi, na sake hawa da ƙafa ɗaya,
duk abin da manoma ke yi a gabana ina musu dariya.

Na zauna a kan buhu.
Ni da ban taɓa cutar baƙo da rabin kilo ba,
ga ni ina ha'intar wanda nake kwana cikin fatarsa.

Na buɗe littafin, na bi layi layi ina biyan bashi.
Kifin Chindo ya shiga, madara ta shiga,
shafi ya cika har na gangara gefe.
Da Ige ta gani ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ce, yau ne ka fara.

Wata huɗu ke nan. Ɗari da biyar.
Wani makon allura ta sauka, wani makon ta ƙi motsi
kamar jakin da ya ga gada.
Gwiwa ta rage ƙara in na tashi daga sujada.
Tumba na mita, wai maƙwabta za su ce ta daina girki.

Yau da safe, ƙosai huɗu.
Na so in tsaya a uku, ban tsaya ba.
Huɗu na rubuta.