Mudun Rana

Babana a Dawanau ya tsufa,
mudu a hannu, yana auna gero.
In ya shafe bakinsa da tafi
ba mai cewa an ci masa ko ƙwaya.
Ni ban gaji mudun ba.
Rana nake aunawa.

Laure ta kira ni kafin azahar
daga Fagge, bayan layin maɗinka:
"Nafi'u, ƙanƙarata ta koma ruwa,
inbatar nan sai tsuwa take kamar ɗan tsako,
jar wuta na ta ƙiftawa.
In ta mutu ne, faɗa mini in huta."

Na ce kada a yanka mata likkafani tukuna.

Waya uku ke saukowa daga kan kwano.
Na buɗe bakin mita, na cafki ta farko:
amfiya tara, a miƙe, kamar famfo da asuba.
Ta biyu, tara ba kaɗan.
Ta uku kuwa biyu da rabi,
tana hawa tana sauka
kamar ƙirjin mai zazzaɓi.
Rana ɗaya ce a kansu duka,
ba ko ƙyallen gajimare daga nan har Dala.
To wa ke cin rabon ta ukun?

Mudassir ya dafe mini tsani.
Kwano ya yi zafin da zai soya ƙwai.
Na bi faifan a durƙushe, ɗaya bayan ɗaya:
ba tsaga, ba inuwar tankin maƙwabta,
kashin tantabara ɗan kaɗan, bai isa laifi ba.
Sai hancina ya riga idona,
ƙaurin roba.

Ƙarƙashin na biyar na same shi,
mahaɗin waya, ya yi baƙi, ya kumbura.
Ruwan farko na daren Talata ya shige shi,
tsatsa ta samu wurin zama,
wuta ta riƙa tsallaken gurbi tana tartsatsi
inda ba idon kowa,
yatsa biyu tsakaninta da katakon rufi.
A ƙasa, ɗakin da jikokinta ke kwana.

Ban gaya mata wannan ba sai da na sauko.

Na kashe layin, na jira ya huce,
na datse ruɓaɓɓen da filaya,
na sa sabo, na ɗaure shi sama
inda ruwa ba zai kwanta ba.
Gumi na ɗiga a kan gilashi
yana bushewa kafin in goge.

Na sake cafkar ta ukun.
Huɗu. Bakwai. Tara.
Ja ya koma kore,
firiza ta yi gyaran murya, ta kama aiki.

Laure ta juya abin a tafin hannunta,
bai kai dabino ba.
"Wai ɗan wannan?"
Na ce inbatarki ba ciwo take ba,
ita ta fara gani, ta yi ta ihu,
mu ne ba ma jin yarenta.
Ta dubi rufin, ta daɗe ba ta ce komai ba.

Na rubuta lambobin uku a littafina,
da kwanan wata, da ƙarfe nawa,
don ranar Asabar in dawo in gwada.
Babana ma sau biyu yake awo
in buhun na marayu ne.

Ta miƙo mini zoɓo a leda, da ɗuminsa.
"Yi haƙuri," in ji ta,
"mai sanyin sai gobe."